Langar Hajiya da Ƙyallen Maƙwabci

Malam Uwaisu bai taɓa ɗora tukunya a wuta ba sai da ya wuce shekara saba'in. Kuma ba yunwa ce ta koya masa girki ba, kunya ce.

Mutumin Bichi ne. Ya zo Landan yana saurayi, yana tuƙa wani babban ma'aikacin gwamnati. Da maigidan ya gama aikinsa ya tattara ya koma gida, shi sai ya tsaya. Ya sami aikin tsaron ƙofa da ɗauke-ɗauke a wata kwaleji a Bloomsbury, inda ake koya wa Turawa Hausa. Ɗalibai kan fito daga aji su tare shi da "Ina kwana" ana dab da magariba, shi kuma ya ce musu, "Lafiya lau." Bai taɓa gyara wa kowa ba. Irin mutumin ke nan, har ya yi ritaya ba wanda ya ji muryarsa a sama. A tsakani ya je gida ya auro Muhibbat, hukumar unguwa, wato council, ta ba su flat a Abbey Wood, Allah ya ba su 'ya ɗaya, Zinatu.

Duk maganar da Malam Uwaisu bai yi ba a rayuwarsa, Hajiya Muhibbat ta yi masa ita. Kicin nata ne, ƙofa tata ce, maƙwabta ma nata ne. Shi nasa ya wanke hannu ya zauna.

Ƙofar da ke kallon tasu ta wani mutumin Japan ce, Mista Okuda, mai gyaran kyamara, da matarsa Fumiko. Wata babbar Sallah, tun Zinatu na firamare, Hajiya ta soya naman layya ta zuba a wata langa mai zanen furanni, wadda ta zo da ita daga gida cikin kayan aurenta, ta miƙa musu. Bayan kwana biyu langa ta dawo, an naɗe ta cikin wani shuɗin ƙyalle an ɗaure shi da kyau a sama, a ciki kuma ga curin shinkafa da kifi. Hajiya ta dubi abin ta ce langa dai tata ce, amma ƙyalle na mutane ne, kuma ita a gidan da ta tashi ba a mayar wa mutum da kayansa hannu rabbana. Sai ta yi dambu ta cika langar, ta naɗe a ƙyallen, ta kai. Ashe can ƙasarsu ma haka abin yake, ba a mayar da kwano ba komai a ciki. Shi ke nan, langa da ƙyalle suka zama ba sa rabuwa. In suna wannan gida, ƙyallen baƙo ne. In suna wancan, langar ce baƙuwa. Kullum dai akwai wanda nauyi ke kansa.

Tun farko Hajiya ta kama hannun Fumiko ta kai ta wurin mai naman halal a Woolwich, ta yi mata bayanin giya da alade dalla-dalla, har mutanen suka ware tukunya guda don langar kawai. Da Fumiko ta rasu, Hajiya ta zaci an gama. Sai ga langa ta dawo da shinkafar da ta kama a ƙasa, Mista Okuda ne da kansa ya dafa. Aka ci gaba. Shi kuwa Malam Uwaisu, duk shekarun nan abin da ke tsakaninsa da maƙwabcin bai wuce gyaɗa kai a cikin lift ba.

Hajiya ta rasu a sanyin da ya wuce, bayan gajeruwar jinya. Langar tana wancan gidan a lokacin, ba wanda ya tuna da ita. Masu ta'aziyya suka cika flat ɗin, daga Woolwich, daga Thamesmead, har daga Manchester. Mata suka yi ta kawo abinci a kuloli. Sannan kowa ya koma aikinsa, kamar yadda aka saba a garin nan, kuloli suka daina zuwa. Malam Uwaisu ya koma shayi da burodi, daga baya shayin kaɗai. Ya ɗauki ƙusa ya huda sabon rami a bel ɗinsa. Ba a jima ba ya sake huda wani.

Zinatu ce ta gani. Tana aiki a wani kantin magani, Hausarta kuma irin ta 'ya'yan nan ce, rabi da rabi.

"Baba, GP, likitan nan naka, ya ce ka yi losing weight da yawa. Ni ba zan iya kallonka haka ba. In babbar Sallah ta zo ba ka canza ba, za mu mayar wa council flat ɗin nan, ka dawo wurina Woolwich. Na riga na yi deciding."

Malam Uwaisu ya san ɗakin da take nufi. Nan take shanya wanki. Ya dubi tagar da Hajiya kan tsaya tana ba shi labarin duk wanda ya wuce a ƙasa, ya dubi wurin da kafet ya ɗan loɓa inda take shimfiɗa darduma. Ya ce, "To."

"To" ɗin Malam Uwaisu kala-kala ce. Wannan ba ta yarda ba ce, amma mai gane bambancin tana maƙabarta.

Ita ma Zinatu mutuwar ta taɓa ta ƙwarai, kuma ta samo wa kanta magani. Wani aji ne a Bloomsbury inda ake koyar da natsuwa da warkar da zuciya irin na mutanen Japan. Ta ce ya taimake ta, kuma gaskiya ne, don ta daina kuka a wurin aiki. Sai ta ga ya kamata uban ma ya sha daga rijiyar. Ta fara da gidan. Ta ce mutanen Japan ba sa tara tarkace, ɗaki mai sarari shi ke kawo zuciya mai sarari. Ta kwashe robobin Hajiya, da ledojin da ta ninke ta cusa a bayan firji, da kwanukan da ba su da murfi, da murafan da ba su da kwano. Ta bar masa kujera, da tebur, da wani icce guda a cikin kwalba. Malam Uwaisu ya zauna a tsakiyar sararin yana jiran zuciyar tasa ta biyo baya.

Sannan ta yi masa booking, ta kama masa wuri a ajin nan nata. Ajin yana bayan kwalejin da ya yi wa gadi. Malamar wata Baturiya ce mai suna Juliana, mace mai kirki da taushin murya, ta taɓa zuwa hutu Japan, abin da ta gani can ya canza mata rayuwa. A bakin ƙofa ta yi musu bayanin hikimar cire takalmi kafin a shiga ɗaki. Malam Uwaisu ya saurara da ladabi, takalmansa kuwa tuni suna hannunsa. Da aka ce kowa ya sunkuya wa na kusa da shi, shi ya dafa ƙirjinsa kawai, don bai saba yi wa mutum ruku'u ba. Juliana ta ce ba laifi, kowa da hanyarsa. Aka zauna a ƙasa, aka ce a rufe ido, kowa ya bi numfashinsa ya ga inda yake shiga da inda yake fita. Malam Uwaisu ya bi nasa, ya kai shi barci. Da aka kaɗa wata 'yar ƙararrawa ya farka, Juliana ta gaya wa ajin cewa ba ta taɓa ganin sabon zuwa da ya nutsa haka ba.

Wata Asabar kuma aka kai su dajin nan na bayan Abbey Wood, aka ce a yi tafiya a hankali, a shaƙi ƙamshin itatuwa, wanda ya ga dama ya dafa su. Mutumin da ya baro Bichi don kada ya ƙara shiga daji neman icce, ga shi 'yarsa ta dawo da shi daji da hular sanyi. Ya dafa wata bishiya kamar yadda aka ce, ransa na raya masa cewa wannan in ta bushe za ta ci wuta sosai. Ya waiga ya ga Zinatu ta jingina goshi da wata tana hawaye shiru. Daga ranar bai ƙara nuna ƙyuya a kan zuwa ajin ba. Bel dai yana nan a ramin ƙarshe.

A hanyar dawowa ya ce mata, "Wai shi maƙwabcinmu ba ɗan can ba ne? Me zai hana a tambaye shi?"

"Baba, a'a. Ba ka zuwa ka dami mutum da tambaya don kawai daga can ya fito. It's not respectful."

Ya ce, "To."

Ran wata Talata da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mista Okuda ne, tsoho siriri mai sanƙo da 'yar farar suma a gefe, riƙe da ƙunshin shuɗin ƙyalle da hannu biyu. Ya sunkuya. Malam Uwaisu ya ga tsoho ya girmama shi, sai ya ɗan rusuna irin ta gida. Mista Okuda ya ga haka ya ƙara yin ƙasa. Malam Uwaisu ma ya ƙara. Da ba don gwiwar ɗaya ta yi ƙara, bayan ɗayan kuma ya riƙe ba, da ƙila a ƙasa za a gama gaisuwar.

Mista Okuda ya ce da Turanci, "Ta Hajiya ce. Ta daɗe a wurina. Na rasa yadda zan kawo ta." Ya miƙa, ya juya ya shige.

Malam Uwaisu ya kwance ƙyallen a kan tebur. Langar ce, da 'yar tsaguwarta a gefen murfi. Curin shinkafa da kifi. Bai yi niyyar ci ba. Amma abinci ba a zubar da shi, kuma babu wanda zai ba. Ya sa hannu. Ɗanɗanon da ya sani ne shekara da shekaru, har ya ji kamar muryarta daga kicin tana cewa, "Bayin Allah, ba gishiri ba yaji, amma dai ci, don su ji daɗi." Ya ci yana share ido. Ya ce wa kansa ai wannan koren yajin nasu ne mai hawa hanci, ko da yake babu shi a ciki. Ya cinye tas.

Sai ƙyalle. Ya ninke shi ya nufi ƙofa, ya kama mariƙin, ya tsaya. Ya dawo ya zauna. Yaya zai ƙwanƙwasa wa mutum ƙofa ya miƙa masa ƙyalle zalla, kamar mai cewa ga tsummanka, mun gama da kai? Ya yi tunanin sayo biskit a kanti, sai ya tuna abin da Hajiya kan ce game da matan da ke mayar da kwano da biskit. Ba abin maimaitawa ba ne.

Washegari ya hau mota ya tafi kasuwar Woolwich, wurin Awawu, wata 'yar zangon Kumasi mai sayar da kayan miya, ƙawar Hajiya.

"Baaba, me ka zo nema? Kai da ba ka san tattasai da attaruhu ba?"

"Dafa-duka nake so in yi."

Awawu ta ajiye abin da ke hannunta. Hausarta ta zango ce, ba ruwanta da mace ko namiji. "Hajiya ya tafi, kai kuma kana so ka ƙona gida ka bi shi? Wa za ka dafa ma? Ko ka samu wani ne ba mu ji ba?"

"Maƙwabci ne."

"Maƙwabci mai ɗankwali?"

"Mai sanƙo."

Ta yi dariya har ta dafa teburi, sannan ta zuba masa kaya a leda, ta faɗa masa abin da zai fara sawa da abin da zai biyo baya, ta sa ya maimaita kamar ɗan makaranta.

Tukunyar farko ta ƙone, na'urar hayaƙi ta yi ta ihu har ya hau kujera yana kaɗa mata darduma. Wannan ba ta kaiwa gidan mutane ba ce. Ba kuma a zubar da abinci. Ya zauna ya ci. Ta biyu ta caɓe kamar kunu. Ya ci. Ta uku gishiri ya yi mata yawa, ya ci da ruwa a gefe. Wata ya manta da albasa, wata ya tuna da ita da yawa. Kullum ya koma wurin Awawu ya kai ƙarar tukunya, ta zage shi tas ta sake masa bayani. Bai lura ba cewa yana fita kusan kullum, bai kuma lura da ranar da bel ya koma baya da rami guda ba.

Ranar da shinkafa ta fito warara, ja, tana ƙamshi, ya cika langa ya rufe, ya nemi ƙyalle ya rasa. Gidan da ba komai a cikinsa, ba wurin da abu zai ɓuya. Yana tsaye yana juya hannu sai ya ji mabuɗi a ƙofa. Zinatu ce ta dawo daga aji, fuskarta cike da fara'a, shuɗin ƙyallen kuma yana kanta, ta yi masa ɗauri mai kyau irin na biki.

"Baba, ina ka samo wannan? Na gan shi a tebur ran Lahadi. Kowa a class ya yaba. Yanzu ma a lift na haɗu da Mr Okuda, ya daɗe yana kallo, ya yi mini bowing har ƙasa. Ina jin ya ji daɗi an yi appreciating culture ɗinsu."

Malam Uwaisu ya dube ta na ɗan lokaci. "Uwata, cire."

"Me ya sa?"

"Na ɗaure abinci ne. Na matarsa. Tun kina firamare yake ɗauke da kifi."

Zinatu ta cire shi a hankali, ta kai hanci, ta zauna a kan kujerar nan guda ɗaya. Ta ce ita ba za ta ƙara hawa lift ɗin nan ba har abada. Uban ya ce kafin har abada ɗin ta zo ta riƙe masa ƙofa, hannunsa da kaya.

Da Mista Okuda ya buɗe, Zinatu ta fara ba da haƙuri da dogon Turanci. Tsohon ya saurara har ta gama, sannan ya ce ƙyallen ya yi shekaru yana zirga-zirga tsakanin ƙofa biyu, sai yau ya ga Bloomsbury, kuma da Fumiko na nan da ta yi dariya har ta zauna. Ya ce su shigo. Zinatu ta ce tana da aiki, ta gudu ta matakala.

Malam Uwaisu ya cire takalmi ya shiga, ya rasa inda zai sa ƙafa. Kwalaye har rufi, tsofaffin kyamarori, jaridu, robobi, ledoji a ninke an cusa a bayan firji. Ya tsaya yana kallon ledojin.

"'Yata ta kwashe nawa duka. Ta ce haka kuke yi a ƙasarku."

Mista Okuda ya ce, "Ina ta kai su? Akwai masu murfi?"

Suka ture kaya suka zauna. Mai gidan ya kwance ƙunshin, ya buɗe langa, tururi ya tashi. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Mista Uwaisu, ƙyallen nan kyauta na bar maka. Langa taku, ƙyalle ya zama naku, shi ke nan an rufe maganar. Abin da na nufa ke nan. Na tsufa. Kuma in faɗa maka gaskiya, yajin Hajiya ya daɗe yana wahalar da cikina. Fumiko ma ta so a tsaya tun tuni, ta rasa yadda za ta yi."

Malam Uwaisu ya ce, "Hajiya kuma cewa take abincinku kamar na asibiti. Duk ni take tura wa."

Kowa ya tuna matarsa da irin haƙurin da ta yi.

"To amma yanzu ga langarka a gidana," in ji Mista Okuda.

"Sai ka wanke ka kawo mini ita haka."

"Haka? Ba komai a ciki?" Tsohon ya dube shi kamar an ce ya fita titi ba wando. Ya ɗauki cokali ya ɗanɗana, idonsa ya kawo ruwa, ya yi tari. "Gaba ka rage yaji."

"Kai kuma ka sa gishiri."

Da babbar Sallah ta matso, Zinatu ta kai uban wurin GP aka ɗora shi a sikeli. Likita ya ce ko me ake yi a ci gaba. Zinatu ta kira Juliana tun a hanya ta ba ta labari, Juliana ta ce dama ta faɗa, irin nutsewar da yake yi ba banza ba ce. Malam Uwaisu bai musa ba. Har yanzu yana zuwa ajin, don duk Landan babu inda yake samun barci mai daɗi kamar nan, kuma yana son ganin 'yarsa ta fito fuskarta a sake.

Duk da haka Zinatu ba ta saki maganar tashi ba, don ta riga ta sayi gado. Ta ce zama shi kaɗai a shekarunsa ba daidai ba ne.

Ya ce, "Ba zan tashi in bar langar uwarki a gidan mutane ba. Bari ta dawo."

Mako na gaba ta zo ta tarar da langar a kan tebur. "To ga ta ta dawo, Baba."

"Ƙyallen mutane fa? In tafi Woolwich da shi?"

"Sai ka mayar masa."

"Haka? Ba komai a ciki?"

Zinatu ta juya wajen teburin. Ta dubi langar, ta dubi ƙyallen, ta dubi robobin da suka fara taruwa a kicin, waɗanda ba ta san daga inda suke fitowa ba. Ta ajiye jakarta, ta ɗauko faranti ta zuba daga tukunyar da ke kan wuta. Ta ci loma biyu.

"Ba kamar ta Mama ba ce."

"Na sani."

Ta miƙa masa farantin ya ƙara mata. Gadon yana can Woolwich, a kansa take jibge wanki in ta kwashe daga shanya.